Dogon gilashin kyamara 150-600mm: hunturu biyu a bakin dam ɗin Samaru

Shekara huɗu na yi ina bin tsuntsaye da ɗan gilashin 70-300mm, duk balbelar da na ɗauka sai ta fito kamar ƙwayar shinkafa a tsakiyar faranti. Da hali ya samu sai na sayi dogon gilashin nan mai zumin (wato janyo abu kusa) daga 150 zuwa 600mm, mai ƙofar haske f/5-6.3, na hannu, a wani shago a Kaduna. Kamfani fiye da ɗaya ne ke ƙera mai wannan awo, kuma galibinsu sun yi kusa da juna: nauyi wajen kilo 2, faɗin baki 95mm. Hunturu biyu da damina ɗaya ke nan ina aiki da shi, galibi a dam ɗin Kubanni na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Zariya, wani lokaci a bakin kogin Galma, sau ɗaya kuma a gaɓar teku a Legas.

Ga tsuntsun da ke zaune, ba ni da ƙorafi. Kyamarata irin mai ƙaramin farantin ɗaukar haske ce da ke ninka awo sau 1.6, don haka 600mm kan koma kamar 960mm. Ranar farko na ɗauki zalɓe a tsallaken ruwa, da na buɗe hoton a kwamfuta har rawayar idonsa na gani. Na daɗe ina kallon hoton nan. Idan na tsuke ƙofar haske zuwa f/8, gashin fiffike ya fi fitowa tar fiye da a f/6.3.

Tsuntsu a sama kuwa wata makaranta ce daban, kuma don shi na sayi gilashin. Makonnin farko nakan murɗa shi har ƙarshe, in ɗaga, in nemi kirinjijiya in rasa. A 600mm abin da ido ke gani ɗan tsito ne, kamar mai leƙe ta cikin kara. Kafin ka samo tsuntsun ya wuce, in ka samo shi kuma fiffike ɗaya ya fita daga hoto. Sai da na koma 400mm al'amura suka daidaita. Yanzu nakan kama tsuntsun a wajen 300, in biyo shi, in ja zumin kaɗan idan ya zauna a tsakiya. Da na duba hotunan da na fi so na tsuntsaye a sama, kusan duk tsakanin 350 da 450mm na ɗauke su.

Akwai ɗan maɓalli a gefen gilashin da ke hana shi neman abin da bai kai nisan mita 10 ba. Duk wanda ya sayi gilashin nan ya fara da shi. Idan ba a kunna shi ba, da zarar tsuntsu ya kuɓuce sai injin saiti ya tafi lalube tun daga gabanka har ƙarshen sama, ya cinye maka daƙiƙa biyu masu tsada. Saurin shota kuwa, wato ƙiftawar kyamara, ba na sauka ƙasa da 1/2000 na daƙiƙa ga agwagin ruwa. Zalɓe da balbela masu kaɗa fiffike a hankali, 1/1250 ya ishe su. A nan ne f/6.3, ƙarshen buɗewar ƙofar haskensa a 600mm, ke nuna iyakarsa. Da asuba kafin rana ta ɗaga, dole ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, ya haura 1600 ko fiye, hoton ya yi yashi-yashi.

Babban darasin ma ba daga takardar gilashin na samo shi ba. Wani dattijo masunci ne ya ga ina ta zagaye bakin ruwa, ya ce, "Yaro, kana tsaye inda za su juya maka baya. Tsuntsu iska yake fuskanta in zai tashi, haka in zai sauka." Na ce, "To Baba, ina zan tsaya?" Ya nuna mini gabas. Gaskiyarsa: iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ranar safiya kuma daga gabas, saboda haka wanda ya tsaya a wannan gefen ya samu iska da haske duka a bayansa, tsuntsaye su taso suna fuskantarsa da haske a ƙirjinsu. Allah Ya saka wa dattijon nan da alheri.

Hunturun nan dai shi ne abokin gabar gilashin. Ranar da hazo ya sauka a Disamba ko Janairu, 600mm ƙura kawai yake janyo maka kusa. Abin da ya wuce mita 40 sai ya fito fari-fari, ba kaifi. Maganinsa matsowa kusa da haƙurin zama cikin ciyawa. Na biyu, jikinsa miƙewa yake idan an yi zumin, yana shaƙar iska kamar zugazugi, kuma bayan hunturun farko na ga ɗigon ƙura a cikin gilashin gaba. Ba ta fito a hoto ba tukuna, amma tun daga nan na ɗinka masa riga, ba na kuma canza gilashi a fili. Nauyin ma gaskiya ne: bayan awa ɗaya a hannu kafaɗa takan ɗau zafi. Sandar dogarawa mai ƙafa ɗaya ta taimaka ga na zaune, amma ga na sama hannu ya fi sakewa.

Zariya ta fi kilomita 600 daga teku, amma dangin tsuntsayen teku na zuwa mana. Da rani akan ga wasu farare masu siririn fiffike suna shawagi a kan dam suna tsintar ƙwari a fuskar ruwa, baƙi ne daga Turai da Asiya. Ni tsattsewar teku nake kiransu. Su suka sa na shiga kwalekwale zuwa Tarkwa Bay a Legas don in ga manyansu masu faɗawa ruwa da ka su fito da kifi. A can lissafin ya juye: iska daga kudu maso yamma take, don haka yamma ta fi safiya. Farin tsuntsu a kan ruwa mai duhu kan ruɗi kyamara ta ƙone gashinsa, sai na rage haske da mataki ɗaya. Raɓar gishiri kuma tana kwanciya a bakin gilashin, kowane dare sai na goge da ɗan tsumma mai laima.

A tafiyar nan wani abokina ya ara mini Canon 400mm f/5.6 nasa, wanda ba ya zumin, ba shi da na'urar hana rawar hannu, nauyinsa kilo 1.25 kacal. Saurin kamunsa ya burge ni ƙwarai. Wanda tsuntsu a sama kaɗai ya dama, kuma kyamararsa ta dace, wannan zan ce ya nema. Amma mai gilashi ɗaya tak, da zai ɗauki zakaran ƙeƙuwa a yashi yanzu, an jima shirwa ta gifta, 150-600 ya cancanci kuɗinsa, ni ma shi zan sake saya.

Watan Afrilu na ƙaratowa, shamuwa ta kusa dawowa da albishir ɗin damina. Akwai wata tsamiya a hanyar Shika da suke sheƙa a kanta bara, na riga na je na duba inda zan tsaya rana ta kasance a bayana.