Sandar gano wuta ta Goodman 0130F00010: kaya ne mai kyau, amma a gwada tsohuwar tukuna

A gidajen Amurka da Kanada da ake ɗumamawa da iskar gas, akwai matsalar da ke dawowa kowane hunturu, kuma salonta ba ya canjawa. Injin ɗumamawar zai tashi, ƙaramar fankar jan hayaƙi ta fara juyi, ƙyastun lantarki mai kunna gas ɗin ya yi ja jawur, gas ya kama, shuɗiyar wuta ta jeru a bakunan murhu. Kafin ka ƙirga biyar sai ka ji ƙas, ta mutu. Ya sake gwadawa, ta sake mutuwa. Bayan karo na uku injin ya kulle kansa, gida ya ci gaba da sanyi. A injinan Goodman kullen na ɗaukar awa ɗaya kafin ya sake gwadawa da kansa, shi ya sa wasu ke cewa injinsu yana aiki ne lokacin da ya ga dama.

Sau da yawa mai laifin wata 'yar sandar ƙarfe ce da ba ta wuce tsawon yatsa da kaɗan ba. Wadda ake nema ga injinan Goodman da Amana da tsofaffin Janitrol lambarta 0130F00010, ita ce ta maye gurbin tsohuwar lamba B1172606. Ba kowane samfuri take shiga ba, don haka a duba lambar injin a jikin takardar da ke manne cikin ɗakin murhu kafin a biya kuɗi.

Abin da ke cikin ledar bai taka kara ya karya ba: sandar ƙarfe mai jure zafi, farin tangaran da ya rungume gindinta, 'yar faranti mai huda ɗaya ta sukuru, da harshen da ake soka waya. Babu wani abu mai motsi, babu lantarkin zamani a ciki. Kuma ba zafi take ji ba, a nan mutane da yawa ke kuskure. Allon da ke sarrafa injin yana tura wutar lantarki mai kai-komo zuwa sandar. Idan harshen wuta ya lulluɓe ta, shi harshen kansa yana wuce da ɗan lantarki zuwa ƙarfen murhu, daga nan zuwa jikin injin. Da yake murhun ya fi sandar faɗi nesa ba kusa ba, lantarkin ya fi gudana ta ɓangare ɗaya, kuma wannan gudu mai fuska ɗaya shi allon ke jira. Adadinsa ƙanƙane ne ƙwarai, ana auna shi da maikro'am, wato kashi ɗaya cikin miliyan na am, ma'aunin yawan lantarkin da ke gudana. Injin mai lafiya yakan ba da tsakanin 1 da 6. Idan ya faɗi ƙasa da abin da allon ke buƙata, sai ya ɗauka babu wuta, ya rufe bawul ɗin gas cikin daƙiƙoƙi kaɗan don kada ɗanyen gas ya taru.

Ana dasa ta ne a bakin murhu na ƙarshe, can nesa da ƙyastun, domin ta shaida cewa wutar ta tsallaka dukkan bakunan.

Hukuncinmu a kan ta asali: tana shiga daidai, hudar sukuru na faɗawa inda ya kamata, bakinta na zama tsakiyar harshen wuta ba tare da an lanƙwasa komai ba, kuma kuɗinta yawanci bai kai dala talatin ba, alhali kuɗin zuwan mai gyara kaɗai yakan ninka haka. Matsalar ba a kayan take ba, a sayen take. Sandar ƙarfe ce tsura, ba kasafai take mutuwa ba. Yawancin waɗanda ake jefarwa datti kawai suka yi.

Dattin nan kusan ba a ganinsa. Wani siririn lulluɓi ne fari ko toka-toka da ke gasuwa a jikin ƙarfen, ya hana lantarki wucewa. Injin da ke shan iskar ɗakin ƙasa ya fi saurin kamuwa, musamman idan yana maƙwabtaka da injin wanki da na busar da tufafi, ko an jibge bilic, sabulun wanki, fenti da yashin kashin kyanwa kusa da shi. Sabuwar sanda a irin wannan ɗaki ita ma za ta yi datti, hunturu ɗaya ko biyu.

Kafin a taɓa komai a leƙa ta ɗan gilashin da ke ƙofar ƙasa a ƙirga ƙiftawar fitilar allo, domin buɗe ƙofa na yanke wutar lantarki, kuma a wasu alluna saƙon na gogewa. A injinan Goodman da yawa ƙiftawa ɗaya na nufin ya kulle bayan ya kasa kamawa, bakwai kuma na nufin siginar wuta ta yi rauni. Injin kamfanin Carrier na nuna lamba 34, ya koma 14 idan ya kulle. Na kamfanin Trane na ƙifta takwas idan sigina ta yi rauni. Jadawalin da ke manne bayan ƙofar injinka shi ne abin bi.

Cirewa aikin minti goma ne. A kashe maɓallin wuta da ke gefen injin, ko bireka, a juya hannun bawul ɗin gas ya gitta bututu, a bar murhu ya huce. Kashe tamostat, wato na'urar saita zafin gida, kaɗai bai isa ba, domin sandar na iya ɗauke da lantarki ko injin na zaune. A cire ƙofar sama. Za a ga abubuwa biyu masu gindin tangaran: mai waya biyu shi ne ƙyastun, mai waya ɗaya ita ce sandarmu. Ƙyastun gautsi gare shi, musamman tsohon samfurin nan mai toka-toka, bugun sukundireba kaɗan ya isa ya tsaga shi, sai ƙaramin aiki ya zama babba. A zare wayar ta hanyar kama bakinta na ƙarfe, ba jan jikinta ba. Sukurun ɗaya ne, kansa kwata na inci, kuma wurin matsattse ne, gajeren makama mai maganaɗisu ya fi, don idan sukurun ya faɗa bayan bututun gas sai an sha wahala.

Da ta fito a duba tangaran ɗin a haske. Idan akwai tsagewa ko da kamar gashi ce, ko sandar na juyawa cikinsa, ko ƙarfen ya ci ya yi ramuka, ko harshen waya ya yi tsatsa yana girgiɗi, to an sami dalilin saye. Mai mitar gwajin lantarki zai iya tabbatarwa: daga harshen waya zuwa bakin sanda ya kamata hanya ta kasance a buɗe, daga sanda zuwa farantin sukuru kuwa kada a sami hanya ko kaɗan. Idan duk wannan lafiya, a goge ta da lallausan soson ƙarfe har ta yi sheƙi, a share da busasshen tsumma mai tsabta, kada a sake kama ƙarfen da yatsu. Samfefar kafinta mai kaushi ba ta dace ba: tana karce ƙarfen ta bar ramukan da datti zai zauna, yashinta kuma na narkewa ya zama wani sabon lulluɓi. Ruwa, mai da sabulu duk babu ruwansu a nan.

Ko tsohuwar aka goge ko sabuwar aka kawo, mayarwa iri ɗaya ce. Idan sabuwa ce a jera ta da tsohuwar a kwatanta tsawo, lanƙwasa da inda hudar take. A ɗaure sukuru ya kama, ba a murɗe da ƙarfi ba, farantin jikin injin siriri ne. Bakin sandar ya tsaya gaban murhu inda wuta za ta lulluɓe shi, kada ya taɓa ƙarfe ko'ina. Waya ta shiga dam. Idan sakwa-sakwa take a ɗan matse bakinta da filaya. A rufe ƙofa sosai domin akwai maɓallin da ƙofar ke dannawa, sannan a buɗe gas, a mayar da wutar lantarki, a ɗaga tamostat. Wuta ta wuce daƙiƙa goma ba ta mutu ba, babbar fankar da ke hura iska mai ɗumi cikin gida ta tashi bayan kamar rabin minti, an gama. A bar shi ya kashe ya kunna sau biyu ko uku kafin a kwashe kayan aiki.

Gwajin da ke raba gardama shi ne aunawa. Ana sa mita a ma'aunin maikro'am na lantarki mai fuska ɗaya, a jona ta tsakanin wayar da harshen sandar, a kunna injin. Mita mai arha sau da yawa ba ta da wannan ma'auni. Kuma aiki ne da ake yi wuta na ci, lantarki na gudana, wanda bai saba ba ya bar wa masu lasisi. Amma duk wanda ya kira mai gyara yana da ikon tambayarsa nawa ta nuna kafin gogewa, nawa bayan gogewa. Wanda ya ce a canja allo bai auna wannan ba, a nemi ra'ayi na biyu.

Kasuwar intanet cike take da kwaikwayo masu ɗauke da wannan lamba, wasu biyu a leda ɗaya a kan kuɗin da bai kai na asali ɗaya ba. Da yawansu na aiki, tunda ƙarfe ne da tangaran. Inda suke ba da kunya shi ne awo: huda ta ɗan kauce, faranti ya yi laushi, bakin sanda ya tsaya a gefen wuta maimakon tsakiyarta, sai sigina ta riƙa hawa da sauka. Akwai kuma na gama-gari da ake yankewa ko lanƙwasawa su dace da injina iri-iri. Waɗannan na masu gyara ne da ke yawo da mota cike da kaya, suna neman abin da zai fid da gida daga sanyi da tsakar dare. Mai gida da injinsa ɗaya ba shi da dalilin lanƙwasa ƙarfe kusa da tangaran alhali ga wadda aka yi wa injinsa. Wanda injinsa bai tsufa ba ma ya duba garanti tukuna: Goodman na ba da shekara 10 a kan kayan gyara idan an yi rajista cikin kwana 60 da kafawa, sai dai ta hannun dila ake bi, kuma kuɗin aiki na kanka.

Sai kuma gidajen da aka sa sabuwa fil amma wuta ta ci gaba da mutuwa. Ba sandar ce ta gaza ba, rabin hanyar lantarkin kawai take riƙe da shi. Ɗaya rabin shi ne murhu da jikin injin. Bakin murhun da ke fuskantar sandar idan ya yi tsatsa, sigina za ta faɗi, sai an ciro shi an goge da burushin ƙarfe. Koriyar wayar ƙasa da ta saki ko sukurun allo da ya kwance suna haifar da haka. Idan an taɓa wayarin gida kwanan nan aka juya waya mai wuta da ta nutural, alluna da yawa ba za su ga wuta ba sam. Wayar sandar ma kan goge a gefen ƙarfe ko ta gasu. Wani lokaci kuma sandar gaskiya take faɗa: wuta ba ta isa murhun ƙarshe ba saboda 'yan fikafikan da ke tsallakar da ita sun toshe, ko ƙarfin gas ya yi ƙasa. Allo shi ne na ƙarshe a jerin zargi, shi ne kuma mafi tsada.

Idan ƙyastun bai yi ja ba, ko ya yi ja gas bai kama ba ko sau ɗaya, wannan kaya ba zai yi maganin komai ba. Haka idan injin ya yi minti biyar ko goma yana ci kafin ya mutu, a fara da matatar iska, wataƙila ta toshe ne injin ya yi zafi. Tsofaffin injina masu 'yar wutar da ke ci dare da rana kuwa wata na'ura daban suke amfani da ita, mai jin zafi.

Babu dabarar tsallake sandar, haɗa wayarta da jikin injin ba ya yaudarar allo, kuma bai kamata a gwada ba. Wuta mai launin rawaya, ko mai rawa da zarar babbar fanka ta tashi, ko mai leƙowa waje daga murhu, alama ce ta abin da ya fi sanda girma, har da yiwuwar tsagewar tukunyar zafi, wato ƙarfen da ke raba hayaƙi da iskar gida, da yoyon iskar kabon monoksaid mai guba. A kashe injin a kira ƙwararre. In an ji warin gas a fita daga gidan, a kira kamfanin gas daga waje. Ɗan haya kuma ya sanar da mai gida, domin gyaran injin ɗumama yawanci a wuyansa yake.