Although ko despite: amsa ga 'yar'uwarmu ta Mabera

Wata 'yar'uwa daga Mabera mai shirin zana WAEC ta rubuta "Despite it was hot, we went to the market", malaminta ya ja wa despite jan biro ya sa although a gurbinta. Ita kuwa a ganinta ma'anarsu ɗaya ce, to ina laifin?

Malama, ma'ana kam ɗaya ce. Abin da ke bin bayan kowacce shi ya raba su, kuma Hausa ma tana da wannan rabon, sabo ne ya hana mu lura. Muna cewa "duk da zafi mun je kasuwa", muna kuma cewa "duk da cewa ana zafi mun je kasuwa". Ta farkon ita ce despite, suna ke binta kai tsaye: "Despite the heat, we went to the market." Ta biyun ita ce although, sai an ba ta cikakkiyar magana mai aikau da aikatau: "Although it was hot, we went to the market." Saboda haka kafin ki ɗora biro, faɗi jimlar da Hausa a zuci. In "cewa" ta shigo, although ce. In ba ta shigo ba, despite.

Despite tana karɓar aikatau mai ƙarewa da -ing, kamar "Despite being tired, he rode to Wamakko", da sharaɗin wanda ya gaji shi ne wanda ya yi tafiyar. In spite of aikinsu ɗaya da despite, sai dai ita kalma uku ce. Daga cakuɗa su aka haifi "despite of", wadda ba a yarda da ita a daidaitaccen Turancin yau, duk yawan jin ta da ake yi a bakin mutane.

Kuskuren da ya fi wannan cin maki shi ne haɗa although da but. "Duk da cewa hanya ta lalace, amma mun isa Illela" Hausa ce lafiyayya, shi ya sa hannu ke saurin rubuta "Although the road was bad, but we reached Illela". Turanci ba ya ɗaukar biyun tare. Ki zaɓi ɗaya ki jefar da ɗaya: ko "Although the road was bad, we reached Illela", ko "The road was bad, but we reached Illela".

But da however kuwa duk "amma" ne, a alamomin rubutu suka sha bamban. But tana ɗinke magana biyu cikin jimla guda, waƙafi a gabanta. However ba ta ɗinki. Sai an rufe jimlar farko da aya, ko da waƙafin nan mai ɗigo a sama, sannan ta zo da nata waƙafin a baya: "Onions were cheap in March. However, the farmers refused to sell." Wanda ya sa waƙafi kaɗai kafin however ya manne jimla biyu ba zare. Tana kuma iya shiga tsakiya, "The farmers, however, refused to sell", abin da but ba ta taɓa yi.

Whereas ba ta ɗauke da mamaki, jera abu biyu take yi irin na "shi kuwa": "April is very hot in Sokoto, whereas January is cool." While ma tana yin haka, amma da yake tana nufin "lokacin da", a rubutun jarrabawa whereas ta fi tsabta.

Saura "ko da", wadda ke ruɗa har ɗaliban jami'a. "Ko da yake an yi ruwa" abu ne da ya riga ya faru, wato even though it rained. "Ko da an yi ruwa gobe" kuwa zato ne, sai even if it rains. Jimlarki ta kasuwa zafin an riga an sha shi, don haka even though za ta zauna a wurin, even if ba za ta zauna ba.