Wasiƙa Daga Landan Zuwa Ga Yaya A Sakkwato

Yaya, ina gaisuwa da fatan alheri. A gaishe min da Inna da mutanen gida na Mabera.

Ka tambaye ni tsadar kaya a nan. Akwai tsada, albasa ma ƙirga ta ake yi a ƙulle cikin raga, ni kuwa na saba ganin ta 'yan Kware jibge a buhu. Amma yau wata magana ce ta fi tsaya min a rai, maganar wariya, saboda ɗan'uwanmu Malami mai keken guragu da ka ce min an wulaƙanta shi a banki.

Bara muna neman gidan haya, na kira wani dillalin gidaje ya ce gidan yana nan. Muka je ni da maiɗakina, tana sanye da hijabi, ni da hula. Matar da ke kan teburin ta dube mu sama da ƙasa, ta ce an riga an kama. Bayan kwana biyu wani Bature abokin aikina ya kira, aka ce ya zo ya duba. Wallahi Yaya, abin ya yi min ciwo, na kwana ban runtsa ba. Na so in bar wa Allah kamar yadda muka saba, sai wata maƙwabciyarmu 'yar Somaliya ta tura ni ofishin Citizens Advice, inda ake ba da shawara kyauta.

Can aka miƙo min biro da takarda. Wace rana ce? Ƙarfe nawa? Me ta faɗa da bakinta? Wa ya ji? Aka yi min bayanin dokar daidaito ta shekarar 2010, wadda ta hana a nuna wa mutum bambanci kan abubuwa 9, ciki har da addini, launin fata, shekaru, naƙasa da juna biyu, ko a wurin aiki, ko a kanti, ko wajen haya. Duk dillalin haya a Ingila kuma dole ne ya yi rajista da wani ofishin sauraren ƙorafi mai zaman kansa. Da farko kamfanin kake rubuta wa, in mako 8 ya wuce ba su gamsar da kai ba, ka ɗaukaka. Mai son zuwa kotu kan irin wannan wata 6 gare shi. Na rubuta, na haɗa da shaidar abokina. Sun ja ni watanni, gidan ma ya riga ya tafi, amma sun aiko da takardar ban haƙuri. Ba zan ce maka nan babu wariya ba, akwai ta, kuma lauya tsada gare shi.

Da na zauna na bincika, sai na tarar mu ma a gida ba dokar muka rasa ba. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana bambanci kan ƙabila, addini, jinsi ko asalin wurin da mutum ya fito. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar kare masu naƙasa, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shigar keken guragu. Wa'adin ya cika tun 2024. Wanda ya nuna musu wariya zai iya biyan tarar N100,000 ko ɗaurin wata 6, kamfani kuwa N1,000,000.

Duk da haka ka ce min Malami ya ajiye kekensa a ƙasa ya ja jiki ya hau matakalar bankin nan, mai gadi kuma ya ce masa ba a bara a nan. Ɗan'uwanmu da ya je ajiye kuɗin ɗinkin huluna da ya yi da hannunsa! A nan Landan motar bas ma sauke wa mai keken guragu gada take yi ya hau.

Don Allah Yaya ka zaunar da shi ku rubuta ranar, da lokacin, da kalmomin mai gadin kamar yadda suka fito, da sunan wanda ya gani. Ku fara kai wa manajan bankin, ku riƙe kwafi da hatiminsu a kai. In sun yi shiru, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, tana da ofishi a Sakkwato, haka ma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Ba a biyan ko kwabo. Kada ku bari shekara ta zagayo kafin ku kai. Kuɗin Keke Napep ɗin zirga-zirgar ni zan turo ranar Juma'a in sha Allahu.

Ƙaninka.