Winshin da na ɗaura wa boksina a Gadarif: ƙarfe ya yi, waya ce ta so ta ƙona ni

Damina biyu kenan da ɗaura winshi, wato injin nan mai naɗe igiyar ƙarfe da mota ke jawo kanta da shi in ta kafe, a gaban boksina, motar a-kori-kura kenan, kuma ƴan uwa direbobi sun dame ni da tambaya a tasha, wai aikin ya biya kuɗinsa ko kuwa ado ne kawai. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Motar Hilux ce mai shan gas, tsohuwa amma jar biyu, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, tana aiki, aikina kai leburori da durorin gas da buhunan iri gonakin riɗi da dawa na wajen Samsam da Doka. Wanda bai san ƙasar Gadarif ta gabashin Sudan ba ba zai gane ba, baƙar laka ce da rani ta tsattsage har ƙafarka ta faɗa, amma daga watan Yuli ruwa ya zauna sai ta koma kamar tuwon da aka tuƙa, ta riƙe taya ta riƙe shasi, kana sauka daga kwaltar Galabat shikenan kai da Allahnka. Da can in na kafe sai dai in jira babur, kuma ƴan Kano kar ku yi dariya, mu a nan tarakta ake ce wa babur. Wata rana kwana na yi a daji da mutum 9 a baya, sauro ya yi mana wasoso, mai babur ya zo da safe ya yanka min kuɗin da ya cinye ladan tafiyar kaf.

Winshin wanda aka taɓa amfani da shi na saya, mai ratal 9,500, wajen kilo 4,300 kenan. Ƙa'idar da ake bi ita ce ƙarfin winshi ya kai nauyin motar da kayanta sau ɗaya da rabi, Hilux in an cika ta tana kai wa tan 3, kun ga kilo 4,500 ake so, da kaɗan na gaza. Da da hali da mai 12,000 na ɗauka, amma tunda yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kayan mota da muke samu daga Khartoum suka yanke, sai abinda ya biyo ta Port Sudan, ga fam ɗin Sudan kullum faɗuwa yake, kuɗin da na biya a lokacin ko na faɗa yau ba zai amfani kowa ba.

Wajen wani dattijo mai walda na kai ta a unguwar masu sana'a, Bahaushe ne ɗan nan, kowa Usta yake ce masa. Ni a tunanina angul biyu zai liƙa a bamba ya ɗora abin a kai in tafi. Ya kalle ni yace ɗana, bambar nan in ka ja da ita za ta bi igiya ta bar ka a taɓo. Nace Baba ku kuka san aikinku, yadda kuka gani. Ya kwance bambar gaba ɗaya, ya ɗauko kwali ya yanka siffar wurin tukuna, ya gwada ya rage ya sake gwadawa har sau uku kafin ya taɓa ƙarfe. Faranti mai kauri milimita 8 ya sa, duk da 6 ma tana yi, ya lanƙwasa gabansa da bayansa don kar ya lotsa, ya yi masa kunnuwa biyu da suka rungumi ƙahonnin shasi hagu da dama. Ramukan da winshin ke zama guda 4 ne, tazarar milimita 254 da 114, kusan duk winshi mai wannan girman haka suke zuwa, don haka ko gobe na canza wani zai hau ba sai an sake huda ba. Abinda ya fi burge ni shine ya ƙi yin walda a jikin shasi, yace zafi na kashe ƙarfen kuma tsagewa daga bakin walda take farawa, noti ya ɗaura a ramukan da kamfani ya bari, kuma ya aiki yaronsa ya maida notin farko da aka kawo don babu lambar 8.8 a kansu. Kafin ya kunna injin walda kusa da motar ma sai da ya cire kan batir.

Kwana 3 ya yi, na yi ta mita a raina don ina asarar lodi, amma wallahi damina biyu ko motsi farantin bai yi ba, fenti kawai ya ɗaye. Inda zan rage masa maki shine iska. Winshin ya zauna daidai bakin lagireto, a watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce 40 sai na ga allura tana hawa in ina tafe a hankali da lodi. Na koma ya buɗe tagogi biyu a farantin ya sauke akwatin wutar gefe, ta ragu, amma kamata ya yi ya hango tun farko. Gaban motar kuma ya ɗan sunkuya, kilo wajen 60 ne aka ƙara tsakanin winshi da ƙarfe, dole.

Yanzu ga inda na cuci kaina. Usta yace in nemi mai wayarin na kirki, ni kuma kuɗi sun ƙare sai na ba wani yaro da ke kusa da garejin, mai saurin hannu da daɗin baki. Cikin awa ɗaya ya gama, muka danna rimot igiya ta fita ta koma, nace madalla. To ai babu kaya a kai, winshi in ba ya jan komai wutar da yake sha kaɗan ce, amma in ya ɗauki nauyi sosai yana zuƙar sama da amfiya 400, alhali dinamon motar ko 100 ba ya bayarwa, sauran duk daga batir yake fitowa ta cikin wayar nan. Ranar farko da na kafe da gaske, bayan Doka, ruwa ya yi dare, na ɗaure a gindin wata ƙaya na danna, minti ɗaya bai cika ba sai warin roba, hayaƙi ta ƙasan bonet, fitilun dashbod suka dushe injin ya mutu. Waya ta narke ta manne da ƙarfe. Babu makashi babu komai, da sifana na kwance kan batir hannuna na rawa, wani lebure yana ta salati yana watsa laka a wurin. Da na kankare wayar da wuƙa daga baya sai ga fari a ciki, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama, ga ta siririya, kuma wayar ƙasa a jikin bodi ya ɗaure ta kan fenti maimakon ya kai ta batir.

Mai wayarin na biyu da na je wurinsa shi ne mai aiki, kuma kuɗinsa ya ninka na yaron har da ɗori. Wayar injin walda ya sa mai sikwaya milimita 50, jan ƙarfe zalla, guda biyu ja da baƙa duk kai tsaye zuwa batir, ya matse kawunansu da ƙarfe ba murɗawa da filaya ba, ya zura su cikin tiyo duk inda za su goga. Ya sa makashi babba kusa da batir wanda sai zan yi ja nake murɗa shi. Ya ƙara kaurin wayar dinamo zuwa batir da ta injin zuwa shasi, ya auna min caji a gabana yana ba da bolt 14 da ɗan kai. Batir na canza na sa mai amfiya 100. Ya so in ƙara na biyu da rilen da ke haɗa su in injin na aiki ya raba su in an kashe, nace sai bayan an yanke riɗi, har yau dai ban yi ba, kuma na san ina buƙata don in na yi ja mai tsawo sai na zauna minti 10 injin na gudu kafin batir ya farfaɗo.

Ba kowace kafewa winshi ke fidda kai ba, wannan kar wani ya ruɗe ku. Filin mashru'i, wato manyan gonakin nan, sai ka duba gabas da yamma babu bishiya ko ɗaya, manoma sun share, dole ka haƙa rami ka binne safaya taya ka ɗaure a jikinta, a cikin lakar nan aikin awa guda ne da shebur. Kuma ƙarfin 4,300 ɗin a naɗin farko na igiya yake, in ta taru a kan ganga ƙarfi raguwa yake, shi yasa nake warware ta da nisa in bar naɗi 5 kawai. Na sayi bakara, wato ƴar tayar ƙarfen nan da igiya ke zagayawa ta dawo jikin mota, tana ninka ƙarfi biyu kuma injin ba ya zafi sosai, ita ce ma ta fi komai arha a duk kayan. Ina jefa buhu a tsakiyar igiya saboda in ta tsinke kar ta sare mutum, leburori kuma sai na yi musu tsawa suke matsawa, kowa so yake ya tsaya kallo.

A damina biyun sau ɗaya tak na kira babur, ranar da ta zauna har ƙofa. Sauran ni nake fidda kaina, har na fidda wasu, wani mai boksi ya ba ni rabin buhun dawa don na ƙi karɓar kuɗi. Mai son yi ya kai wa Usta ƙarfensa hankali kwance amma ya ce masa ya bar wa lagireto hanya, wayar kuma ku riƙe wuƙa ku kankare da hannunku kafin a ɗaura.