SINH a manhajar lissafi: ta burge ni, amma shirunta na damuna

Da farko raina SINH nake yi, wato fomular hyperbolic sine da ke cikin manhajar lissafi irin su Excel. Tunda ma'anarta ita ce (EXP(x)-EXP(-x))/2, inda EXP(x) ke nufin lambar e (kusan 2.718) a ƙarfin x, a ganina kowa zai iya haɗa abinsa da hannu. Lissafin tsawon waya mai lanƙwasa tsakanin turaku biyu masu tsayi ɗaya ne ya sa na ba ta dama. Tazarar turakun tana gurbin A2, mita 100; a B2 kuma akwai ƙarfin jan wayar a kwance da aka raba da nauyin kowace mita, wato 500. Da na rubuta =2*B2*SINH(A2/(2*B2)) sai ga 100.16675. Wato wayar ta ɗara tazarar da kusan santimita 17. Daidai wa daida.

Inda ta sace min zuciya shi ne ƙananan lambobi. Manhajar lissafi lambobi kusan 15 kawai take riƙewa. Idan x ta zama 1E-10 (wato 0.0000000001), EXP(x) da EXP(-x) duk suna manne da 1, don haka da ka ɗebe ɗaya daga ɗaya sai lambobin gaba su cinye juna, abin da ya rage mai inganci bai wuce lambobi shida ko bakwai ba, sauran tarkace ne. Ka sauko zuwa 1E-17, fomular hannu sifili za ta ba ka ƙiri-ƙiri, alhali amsar gaskiya 1E-17 ce. A manhajar da nake aiki da ita, =SINH(1E-17) ta dawo da 1E-17 cif. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Kai ma gwada a taka kafin ka dogara da ita. In ka ga sifili, to a wannan gefen ba ta fi fomular hannu ba.

Sai dai fa akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. SIN (fomular sine ta kusurwa) da SINH maƙwabta ne a jerin da ke fitowa idan ka fara rubutu, kuma in hannu ya zame babu mai gargaɗinka. =SINH(30) za ta ba ka kusan 5.34E+12, wannan ko makaho ya shafa ya san da matsala. Mai haɗarin ita ce =SINH(RADIANS(30)), wadda ke ba da 0.5479 a inda ake neman 0.5, wato SIN na digiri 30. Lamba ce mai kama da gaskiya, sai ta sulale cikin dogon lissafi ba wanda ya lura. SINH ba kusurwa take karɓa ba, lamba ce zalla, babu ruwanta da digiri.

Haka ma gurbin da babu komai a ciki: sifili take ɗaukarsa, ta ba ka sifili, ta yi gum. Rubutu ne kawai ke sa ta nuna #VALUE!, lamba 711 ko sama kuma #NUM!, domin amsar ta zarce 1.8E+308 da manhajar ke iya ɗauka. Waɗannan biyun ban ƙi su ba, ko ba komai suna magana.

Zan ci gaba da amfani da ita, amma sai da gurbin tantancewa a gefe: =ASINH(SINH(A2)) dole ta maido da abin da ke A2, tunda ASINH ce ke warware aikin SINH, sannan ISNUMBER, mai duba ko lamba ce a gurbi, ta tsare ƙofa saboda guraben da aka bari wayam.