Keken farko na zuwa wurin aiki: abin da na gani a Giant Escape 3

Da na koma unguwar Beeston da ke gefen birnin Nottingham a Ingila, na lissafa kuɗin da bas da ƙaramin jirgin cikin gari suke ci mini kowane wata, sai na yanke shawarar sayen keke. Ba abin mamaki ba ne tunanin ya zo mini a wannan gari, domin nan ne mahaifar Raleigh, keken da iyayenmu suka sani da suna Rali, kuma harabar Jubilee ta Jami'ar Nottingham, wadda aka buɗe a 1999, a kan tsohon filin masana'antar kamfanin take. Kasafina bai wuce fam 500 ba, kuma a cikinsa nake so in sami keken da duk kayan da zai buƙata.

Na fara da kuskure. A wani babban kanti na ga keke mai araha, mai manyan tayoyi da shakazoba gaba da baya, na ɗauka laushin tafiya na saya. Ashe nauyi na saya. Duk lokacin da na taka feda a kan tudu, rabin ƙarfina yana tafiya ne wajen lotsa shakazobar maimakon tura keken gaba, kuma kafin wata uku giyarsa ta fara tsalle. Wani makaniken kekuna ya duba shi ya ce mini a irin wannan farashi, duk kuɗin da aka kashe wa shakazoba an rage shi ne daga birki da giya da taya. Maganarsa ce ta kai ni ga keken da ake kira ruwa biyu, wato wanda ya ɗauko manyan ƙafafu da rashin nauyi daga keken tsere, ya ɗauko miƙaƙƙen hannu da zama a tsaye daga keken hawa duwatsu.

Giant kamfanin ƙasar Taiwan ne da aka kafa a 1972, kuma Escape 3, keken ruwa biyun da na saya, yana daga ƙasa a jerin kekunansa na cikin gari. Wanda na saya firam ɗinsa na alminiyam ne, sandunan da ke riƙe ƙafar gabansa na ƙarfe ne zalla babu shakazoba, giyarsa kuwa Shimano Tourney ce, faranti uku a gaba, bakwai a baya, jimla 21. A kan takarda babu abin burgewa a nan. A kan hanya ne na gane amfanin wannan sauƙi: babu wani abu mai motsi da ba dole ba, saboda haka abubuwan da za su lalace kaɗan ne, kuma kowane makanike yana da kayan gyaransu.

Hanyata kusan kilomita shida ce, kuma iri biyu ce. Idan gari ya yi kyau nakan bi gefen magudanar ruwan da ta haɗa Beeston da tsakiyar birni, inda akwai tsakuwa da wuraren da ba su daidaita ba. Idan ina sauri nakan bi kwalta, in hau tudun titin Derby Road zuwa mahaɗar hanyoyi ta Canning Circus. A nan ne tayoyin, masu faɗin milimita 38, suka fi gamsar da ni. Suna da faɗin da zai shanye girgizar tsakuwa idan ba a cika musu iska fiye da kima ba, kuma ba su da manyan haƙoran da ke riƙe keke a kan kwalta. Aikin da na zaci shakazoba za ta yi mini, iskar taya ce take yi. A kan tudun kuwa, ƙaramin farantin gaba shi ne ceto: da jakar kwamfuta a bayana nake hawa a zaune, ba tare da na isa ofis ina gumi ba. Gaskiya cikin giyoyi 21 ɗin, waɗanda nake amfani da su kullum ba su wuce shida ko bakwai ba, don haka kada yawan lamba ya ruɗi mai saye. Abin dubawa shi ne ko akwai giya mai sauƙin da za ta hau tudun unguwarsa.

Birkinsa na roba ne mai kama gefen ƙafa. Irin wannan birki, a kowane keke, yana ɗan jinkirin kamawa idan ruwa ya jiƙa ƙarfen, kuma a ƙasar da ruwan sama ba shi da lokaci dole mutum ya saba da fara tsayawa tun da wuri. Mai halin ƙara kuɗi ya nemi mai birkin faifai. Amma ribar na roba ita ce arahar canji, da cewa da ƙaramin makulli ɗaya nake daidaita shi a ƙofar gida.

Abin da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya shiga kanti shi ne farashin keken ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Ba ya zuwa da madigadi, ko kariyar ɗora kaya, ko fitila, sai dai yana da ramukan notin da za a ɗaura su, kuma wannan muhimmin abu ne. Dokar Birtaniya ta wajabta farar fitila a gaba da ja a baya daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, kuma a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Madigadi kuwa, ranar farko da na isa wurin aiki da layin taɓo daga kugu zuwa wuya na san ba ado ba ne. Sai kwaɗo: na sayi mai siffar kofaton doki da ke ɗauke da shaidar Sold Secure, masu gwada ƙarfin kwaɗuna, na kuma yi wa lambar firam rajista a BikeRegister, kundin rajistar kekuna na Birtaniya, domin satar keke ba baƙon abu ba ne a biranen nan. Ma'aikaci ya tambayi ofishinsu ko suna cikin shirin Cycle to Work, wanda ake cire kuɗin keke daga albashi kafin haraji.

Batun girma shi ne na ƙarshe da zan jaddada. Na gwada matsakaici da babba a cikin kantin, kuma ko da yake tsawona ya faɗa tsakanin biyun, a kan babban sai na miƙa hannu sosai har kafaɗa ta fara ciwo cikin mintuna kaɗan. Na ɗauki matsakaicin, makaniken ya ɗaga sirdi har gwiwata ta kusa miƙewa idan feda tana ƙasa. Shekara guda ke nan ina hawansa kwana biyar a mako, kuma abin da na canza shi ne robar birki sau ɗaya da tif ɗin baya bayan wata ƙusa ta huda shi.