Hoton sarakunan Rum a bangon falo: wanne za ka saya?

Na farko da na rataya a gidana ban ji daɗinsa ba. A waya na tsinci hoton sassaƙen Sarki Agustas, na kai wa mai buga bana, ya buga mini a kan leda irin ta tallan 'yan siyasa. Da na tsaya kusa sai na ga fuskar ta dagargaje, farin dutsen kuma ya koma kore-kore. Kuɗin firam ɗin ma ya fi na bugun, duk suka tafi a banza.

Abin da na koya shi ne, a hoton sassaƙa haske ake saye. Dutsen marmara fari ne, inuwa ce ke fito da hanci da gira da ninkin riga. In an haska shi daga gaba, sai ya zama kamar an zuba alli a faranti. Nemi wanda haske ya bugo daga gefe, bayansa kuma duhu ne.

Sai ka dubi bangonka kafin ka zaɓi sarki. In dogo ne siriri, kamar tsakanin taga da ƙofa, Agustas na Prima Porta ya dace. An tono shi a 1863 a gidan matarsa Livia da ke Prima Porta, arewacin birnin Roma, yanzu yana gidan tarihi na Vatican, tsayinsa ya ɗan haura mita 2. Daɗinsa yana sulken ƙirji, inda aka sassaƙa yadda mutanen daular Fartiya, ta yankin Iran na yau, suka mayar wa Rumawa tutocin yaƙinsu. Ƙaramin bugu ba ya nuna wannan, don haka kada ka yi ƙasa da takarda mai girman A2. Ka kuma sani akwai jariri tsirara a gefen ƙafarsa; wanda aka yanke daga ƙugu zuwa sama ya fi kwanciyar hankali in surukai na zuwa.

Ni dai a bayan doguwar kujera na fi son Markus Orilius a kan doki. Na tagulla ne, kuma ya tsira daga narkarwa ne domin an daɗe ana zaton Kwanstantin ne, sarkin da ya karɓi Kiristanci. A 1538 aka kai shi filin Tudun Kafitol da ke birnin Roma. A nan masu saye ke faɗawa rami: wanda ke tsaye a filin yau kwafi ne, na ainihin yana cikin gidan tarihin da ke gefe, da sauran ruwan zinariya a jikinsa. Wannan kam a buga shi da launi, baƙi da fari zai cinye masa kyau.

Sassaƙen kan Sarki Karakalla mai ɗaure fuska ya yi kyau a ofis, amma ba na son ya riƙa harara ta ina cin tuwo. Ubansa Sabtimiyus Seberus, wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211, haifaffen Leptis Magna ne a ƙasar Libiya ta yau, kuma ƙofar da aka gina masa a can tana tsaye.

Gidaje da yawa ba sa rataya surar mai rai saboda addini, kuma akwai mafita. Rubutun da ke gindin hasumiyar Sarki Tirajan da ke Roma, wadda aka kammala a 113, haruffa ne zalla, masu kyan da har yau masu ɗab'i ke kwaikwayonsu. Akwai kuma ganyen da aka sassaƙa a ƙasan bangon Ara Pacis, wani tsohon wurin hadaya a Roma, sai dai ka duba da kyau, akwai tsuntsaye da ƙadangaru a ɓoye cikin rassan.

Ta ina za a samo? Wanda aka shigo da shi da firam ɗinsa yana da tsada, kuma gilashi ba ya son tafiya. Ya fi sauƙi ka sauko da babban fayil ka buga a gida. Tun 2017 gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya saki hotunan kayansa na dā kyauta, har da zanen Piranesi, ɗan Italiyan da ya rasu a 1778, wanda ya zana kufan Roma da siraran layuka. Ga A2, nemi fayil mai ɗigon hoto (pixel) kusan 5000 a faɗi da 7000 a tsawo. Rabin haka ma zai wuce in daga nesa za a riƙa kallo.

Takarda marar ƙyalli mai kauri ta fi mai sheƙi, wadda ke mayar da hasken fitila. Yadin kambas ya yi wa zanen fenti kyau, amma saƙarsa tana ɓata santsin dutse, ga shi ƙurar hunturu na maƙalewa a ciki. Tambayi mai bugu ko tawadarsa mai jure rana ce, sannan ka ce ya fara buga maka yankin ido a ƙaramar takarda ka gani.

Firam baƙi siriri ko na katako mai duhu ya isa. Ka sa mai firam ya saka farin kwali tsakanin hoto da gilashi, don in suka haɗu laimar damina za ta manne su, ya kuma liƙe bayan da tef ta ko'ina.